Yadda muka ƙirga takardun magani a ƙaramin asibitin mazaɓarmu

Ni ne ma'ajin kwamitin raya mazaɓarmu, a wata unguwa da ke gefen garin Gombe. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa aka ɗora min wannan nauyi. Duk ƙarshen wata nakan zauna da shugaban ƙaramin asibitinmu, wanda kowa ke kira Incaji, mu duba abin da ya shiga asusun magani da abin da ya fita, in sa hannu. Asusun na juyi ne: a saro magani, a sayar wa marasa lafiya da 'yar riba, a sake saro wani da kuɗin. Tsarin ya samo asali daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, kuma manufarsa mai kyau ce, kada ɗakin magani ya taɓa zama wayam.

Littafin bashi ne ya fara tayar min da hankali. Daga ƙarshen 2023 shafukansa suka soma cika da sauri. Kowa ya san dalilin da ke a fili. An cire tallafin mai a watan Mayu, an saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yuni, a watan Agusta kuma kamfanin magunguna na GSK ya sanar zai rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya. Mafi yawan maganin da muke sha daga waje yake zuwa, wanda ake yi a gida ma daga waje ake shigo da sinadaransa. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, mu kuma muka tsaya a nan muna ta jajantawa juna.

Ɗiyar ƙanena ta karanci harhaɗa magunguna. Da ta zo gaishe ni ta tarar da ni a kan tabarma da littafin, ta karɓa ta juya shafuka, sannan ta ce, "Baba, kun duba tsadar kowace ƙwaya. To kun taɓa duba ƙwaya iri nawa ake rubuta wa mutum ɗaya, kuma nawa ne a ciki yake bukata da gaske?" Ta gaya min Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa fiye da rabin magungunan da ake rubutawa, ko bayarwa, ko sayarwa a duniya ba bisa ƙa'ida ake yi ba, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan nasu yadda ya kamata. Ta ce tun 1993 hukumar ta fitar da hanyar aunawa mai sauƙi, wadda ba ta bukatar komai sai biro da takarda da haƙuri.

Kafin mu taɓa takarda ko ɗaya sai da muka nemi izini. Incaji na fara samu, don kada ya ji labari a bakin wani. Fuskarsa ta canza, ya ce, "Baba Malam, bincikenmu za a yi ke nan?" Na ce masa takardu za mu ƙirga, kuma shi zai zauna da mu daga farko har ƙarshe. Muka sanar da dagaci, muka rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sharaɗin da aka gindaya mana ɗaya ne, kuma daidai ne: ba a fitar da sunan mara lafiya ko na ma'aikacin da ya rubuta. Yaron ɗakin magani yakan naɗe saman kowace takarda ya maƙale kafin ta iso hannuna.

Zaɓen takardun ma da ƙa'idarsa. Ba a sa ido a tsamo waɗanda suka fi muni, domin wannan zalunci ne ga ma'aikata. Muka bi rajistar shekara guda, muna ɗaukar ta goma, mu tsallake tara, ta yadda na damina da na hunturu da na bazara duk suka shigo. Ƙa'idar ta ce idan asibiti ɗaya ake aunawa kada a gaza takarda 100. Na ja layuka a babban littafi irin na rajistar makaranta. Layin farko yawan magungunan da ke takardar. Na biyu, ko akwai antibayotik. Na uku, ko akwai allura. Na huɗu, ko da sunan asalin maganin aka rubuta ko da sunan kamfani. Na biyar, ko maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, jerin da Najeriya ta yi wa doka tun 1989, bayan hukumar ta duniya ta fitar da nata na farko a 1977. Mu muka ƙara layi biyu na kanmu: ko an yi gwaji kafin a rubuta, da kuɗin da takardar ta ci. Rubutun wasu ma'aikatan ya gagare ni, ɗiyata ke karantawa ina cikewa.

Tun ba mu yi nisa ba na haddace takardar yaro mai zazzaɓi, saboda kusan iri ɗaya ce kullum. Maganin maleriya, farasitamol, amoksisilin, ruwan bitamin, maganin tari, wani lokaci da allura a sama. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi ya ce matsakaicin magani a takarda kada ya wuce 2, kuma takardun da ke ɗauke da antibayotik kada su kai kashi 30 cikin 100. Namu sun yi wa duka biyun nisa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ban ma gama tarawa ba na ga inda aka dosa.

Wurin da na fi koyon abu shi ne wajen sa farashi. Ɗiyata ta zo da littafin ƙa'idojin jinya na ƙasa, Incaji ya ɗauko nasu littafin umarni na ma'aikatan lafiyar al'umma. Kowace takarda sai mu yi mata lissafi biyu, abin da aka rubuta da abin da littafi ya ce a bayar ga ciwon da aka rubuta a katin.

Ɗauki gudawar yara. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka daidaita cewa gudawar ruwa wadda babu jini a ciki maganinta ruwan gishiri da sukari na ORS ne, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Su biyun suna cikin mafi araha a ɗakin maganinmu. Amma takarda bayan takarda sai ka ga Flagyl na ruwa, da wani antibayotik a kansa, da maganin amai, zink ɗin kuwa babu shi. Uwa ta biya ninkin abin da ya kamata, kuma ta tafi ba tare da abin da zai rage tsawon gudawar ya kuma kare ɗanta daga wata nan kusa ba. Mura ma haka. Bairos ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa shi, amma a takardun hunturu da wuya ka ga mai mura da aka sallama ba kafso.

Mafi cin kuɗi shi ne abin da dukanmu muka saba ji, "maleriya da taifod". Maleriya gaskiya ce a wurinmu, Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Amma ba kowane zafin jiki ne ita ba, shi ya sa tun 2010 aka ce a yi gwaji kafin a ba da magani. Tsinken gwajin ɗigon jini ɗaya yake so, cikin minti 15 zuwa 20 ya ba da amsa. Mun ga takardu da yawa da ba a yi gwajin ba, mun kuma ga waɗanda tsinken ya nuna babu amma aka rubuta maganin duk da haka. Taifod kuwa da gwajin Widal ake kafa hujja, wanda mutane kan je su yi a waje su kawo sakamakon. Ɗiyata ta bayyana min cewa a wuri irin namu, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ko danginta, gwajin yakan nuna akwai ga mai lafiya ƙalau. Mutum ya biya kuɗin gwaji, ya biya kuɗin antibayotik na kwanaki, wani har da allurai safe da yamma, a kan ciwon da mai yiwuwa ba shi da shi. Ciwon da ya kawo shi kuma yana nan ba a gano ba.

Sai batun suna. Magani ɗaya ne, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, duk da lambar NAFDAC a jiki, amma wanda ke cikin kwali mai sheƙi yakan ninka ɗan'uwansa a farashi. Idan aka rubuta sunan kamfani, yaron ɗakin magani ba ya iya musanyawa da kansa, mara lafiya kuma yakan zaci an ba shi jabu idan kwalin ya bambanta.

Takarda tana faɗin abin da aka rubuta ne kawai, ba ta faɗin abin da mutum ya tafi da shi gida. Don haka na roƙi a ba ni kujera kusa da tagar ɗakin magani, na riƙa zama da safe ina kallo. Abin da na gani a tagar nan shi ya sa nake wannan rubutu.

Yaron yakan buga lissafi ya faɗi jimla. Mace ta kwance bakin mayafinta, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce, "Ɗan nan, a rage min, abin da ke hannuna ke nan." Shi ba likita ba ne, ba shi da ikon cewa wannan ne dole wancan ba dole ba, sai ya jera mata su a kan katako ya ce ta zaɓa. Ita kuma da me za ta zaɓa? Da ido. Kwalbar ƙarin jini babba ce, ja ce, tana da hoton yaro mai ƙiba, ita take fara ja gabanta. Allura an riga an yi, dole a biya. Abin da ya saura shi ake saya wa maganin maleriya ko antibayotik da shi, sai a yanka fakiti a ba ta na kwana ɗaya ko biyu, ta ce za ta dawo ta cika.

Maganin maleriya na zamani, irin su Coartem, wanda ya maye gurbin kulorokwin a ƙasar nan tun wajen 2005, sau shida ake shan sa a kwana uku. Babban mutum ƙwaya 24 yake bukata. Wanda ya sha rabi zazzaɓin yakan lafa ya zaci ya warke, bayan 'yan kwanaki ya dawo masa. Sai a sake biyan kuɗin Keke, a sake yankar kati, a sake sayen magani, mai gida ya sake rasa yinin gona ko na kasuwa. Idan yaro ne kuma ya kai ga jijjiga ko jininsa ya ƙone, an tafi babban asibiti ke nan, ga kuɗin gado, ga neman jini, ga masu jinya da za a ciyar. Na san gidan da aka sayar da tunkiyar da ake kiwo don layya a kan irin wannan. Duk wannan ba ya cikin littafina na ma'aji, amma daga aljihu ɗaya yake fita. Maganin da bai zama dole ba shi ya cinye kuɗin wanda ya zama dole.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, kuma yawancin mutanen mazaɓarmu ba ma'aikatan albashi ba ne, manoma ne da 'yan tireda da masu ɗinki. Waɗanda suka samu shiga GoHealth, shirin taimakekeniyar lafiya na jihar Gombe, sun samu sauƙi a tagar, alhamdu lillahi, sai dai magani marar dalili da aka rubuta musu daga asusun taimakekeniya ake biyan sa, wanda da zai iya ɗaukar wani talakan. Akwai kuma bashin da ake ci wa gaba. Duk antibayotik da aka sha ba dalili ko aka sha rabi yana koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina. Ranar da kafso mai araha ya daina ci, sai na gaba da shi, wanda talaka ba ya iya taɓawa.

Zaman da muka yi da ma'aikata shi na fi jin nauyinsa. Waɗannan mutane ne da na ga suna karɓar haihuwa da fitilar waya cikin dare. Hajiya shugabar mata ce ta buɗe, ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ajiye littafin a tsakiya ba tare da na ƙara komai ba. Incaji ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi magana, kuma ban ji ƙarya a cikinta ba.

Ya ce, "Baba Malam, a damina ni kaɗai nake ganin layin da ya kai bakin ƙofa. Tsinken gwaji ya ƙare, uwa ta taho da ƙafa daga ruga, na san ba za ta dawo gobe ba. In ba ta magani ɗaya in yi kuskure, ko in rufe ko'ina?" Wata ma'aikaciya ta ce idan ba ta yi allura ba, mutum a gabanta zai ce yarinyar nan ba ta iya aiki ba, ya tsallaka titi zuwa kemis a yi masa. Yaron ɗakin magani ya ce idan kaya suka kusa lalacewa akan tuna wa masu rubutu da su, don kada asusu ya yi asara. A ƙarshe Incaji ya faɗi wadda ta fi nauyi. Daga ribar magani ake biyan mai gadi da mai shara, daga ita ake sayen ruwa da gyaran batirin sola. Watan da aka sayar da yawa shi ake kira wata mai albarka a taron kwamiti. Tsarin da kansa yana saka wa doguwar takarda, kuma ɗiyata ta ce binciken da aka yi a kudu maso gabashin ƙasar nan ya taɓa gano haka, cewa asibitocin da ke kan tsarin Bamako sun fi samun magani a ɗaki, sun kuma fi rubuta shi da yawa.

A ra'ayina, duk wanda zai zargi ƙaramin ma'aikacin lafiya a kan wannan ba tare da ya ba shi tsinken gwaji da abokin aiki da kuɗin tafiyar da asibiti ba, bai yi adalci ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Giɓin da ya rage, mace mai kwance bakin mayafi ce ke cike shi.

Muka yanke abubuwan da ke hannunmu. Tsinken gwaji shi za a fara saya duk wata kafin kowane kaya. Mai rubutu zai sa tauraro a gefen maganin da ya zama dole, don yaron ɗakin magani ya san wanda zai fara miƙawa. An daina yanka fakitin maganin maleriya da na antibayotik. Idan kuɗi bai kai ba, a ajiye marar tauraro, idan har yanzu bai kai ba a rubuta mai tauraron cikakke a littafin bashi. Za a riƙa rubuta sunan asali. Kwalaben ƙarin jini da na bitamin iri-iri muka daina sarowa, muka bar ƙwayoyin ƙarin jini na masu juna biyu, waɗanda su kam wajibi ne. Duk wata kuma ma'aikatan da kansu za su ciro takarda 30 su ƙirga, kwamiti ya gani.

Jama'a ne aikin da ya fi tsawo. Liman ya ba mu 'yan mintuna bayan sallar Juma'a, Hajiya ta ɗauki ranar awo da gidajen suna da makarantar Islamiyya ta matan aure. Allura ce aka fi yi mana gardama a kanta. Wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, ai allura ita ke shiga jini kai tsaye. Ƙwaya sai ta gama yawo a ciki." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, akwai inda ba makawa sai ita. Yaron da maleriya ta kai shi ga suma, ko mai aman da ba ya riƙe komai, allura ce ke ceto da yardar Allah. Amma wanda yake iya haɗiya, ƙwayar za ta kai jinin, kuma ba ku biya kuɗin sirinji da ruwan allura ba." Na ƙara masa da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a shekara, kuma a 2010 allurai marasa tsabta sun sa wa mutane har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. Ya yi shiru, ya ce ya ji, amma na san ba a rana ɗaya ake sauya abin da mutum ya tashi da shi ba.

Da muka sake ƙirgawa bayan wasu watanni, takardun sun gajarta, zink ya fara bayyana a na gudawa, littafin bashi ya rage gudu. Bashin da ke ciki yanzu na magani cikakke ne, kuma an fi biyan sa, don ƙarami ne. Ciniki kuwa ya ragu kamar yadda Incaji ya faɗa, har aka yi watan da alawus ɗin mai gadi ya makara. Muka kai wa dagaci, ya tara masu hali na unguwa aka yi karo-karo, muka kuma rubuta wa ƙaramar hukuma muna neman a ɗauki mai gadi da mai shara a kan kuɗin tafiyar da asibiti, a raba su da ribar magani. Muna jiran amsa.

Wasu marasa lafiya sun bar mu sun koma kemis, inda ake haɗa musu ƙwayoyi kala-kala a leda gwargwadon kuɗinsu. Lasisin masu kemis daga hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa yake fitowa, bai ba su damar yin allura ko sayar da antibayotik yadda suka ga dama ba, amma kwamitin mazaɓa ba shi da iko a kansu, kuma da dare idan asibiti ya rage mutum ɗaya su ne ƙofar da ke buɗe. Mun gayyace su zama a zauren dagaci. Wasu sun zo, wasu sun aiko da uzuri. Waɗanda suka zo sun yarda su daina yanka fakitin maganin maleriya, su kuma riƙa turo yaro mai zazzaɓi a yi masa gwaji a wurinmu. A ƙirgar da za mu yi ƙarshen damina, in Allah ya kai mu, mun ƙara layi na takwas a littafin: ko mara lafiya ya sha wani abu daga kemis kafin ya zo, da nawa ya kashe a can.